Gidan sauro yana cikin leda, yarinya tana gadon asibiti: ina matsalar take?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na sa baki ba, amma abin da ya same mu a makon da ya wuce ya sa na kasa yin shiru. 'Yar ƙanwata, mai shekara biyu da wata huɗu, ta fara zazzaɓi ranar Talata da yamma. Uwar ta ba ta farasitamol, jikin ya yi sanyi, ta tashi ta ci gaba da wasanta, sai aka ce ai haƙori ne. Ranar Laraba da dare zazzaɓin ya dawo, ta ƙi cin tuwo, ta yi amai sau biyu, mahaifinta kuma ya tafi cin kasuwa wani gari, aka ce a bari ya dawo. Da asubahin Alhamis ta fara jijjiga, idanunta suka kakkafe, haƙoranta suka datse, uwar ta fito tsakar gida da ita tana salati. A kan babur aka kai ta asibiti, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, jininta kuma ya yi ƙasa har sai da aka yi mata ƙari. Alhamdu lillahi an sallame ta, tana samun sauƙi.

Abin da ya hana ni barci shi ne abin da na gani da na je gidan ɗauko musu kaya. Gidan sauro uku ne a ɗakin, ɗaya a rataye an naɗe shi sama, biyu kuma suna cikin ledarsu a ƙarƙashin gado tun ranar da aka raba. Ƙwayoyin rigakafin damina da masu bi gida gida suka bari, na rana ta biyu da ta uku, na same su cikin kwano a saman kabad. Ƙanwata ta yi sakandare, kuma idan ka tambaye ta abin da ke kawo wannan zazzaɓi za ta ce maka sauro ne ba tare da ta yi tunani ba. To idan sani yana nan, kayan kariya ma suna cikin ɗaki, me ya sa muke ci gaba da ɗaukar yaranmu a guje zuwa asibiti duk damina?

Malamin Firamare Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yata, ina ganin amsar tambayarki tana cikin yadda muka taso muka ga ana ɗaukar wannan ciwo. A lokacin ƙuruciyarmu ana ce masa janti ko masassara, kuma idan damina ta yi nisa, an fara cin sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa, kowane gida ya san za a kwanta. Ana danganta shi da dukan ruwan sama, da zafin rana, da cin sabon hatsi. Yanzu an daina faɗin haka a fili, an koma cewa sauro ne, amma zuciya ba ta daina kallonsa a matsayin baƙon da ya saba zuwa ya tafi ba. Babba ya yi shi sau talatin a rayuwarsa ya warke, don haka da wuya ya yarda cewa shi ne zai iya kashe ɗansa cikin kwana biyu. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, babban ya samu ɗan garkuwa ne saboda yawan kamuwa, kuma ya same ta ne bayan ya tsallake shekarun da tsararrakinsa da yawa ba su tsallake ba. Mu da muka haura saba'in, kowa a cikinmu zai iya lissafo ƙannensa da aka binne da damina, ana cewa iska ce ta taɓa su.

Malamar Jinya:
Amin, Baba, kuma maganarka ta ƙarshe ita ce abin da muke gani a ɗakin yara kullum daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gado ɗaya kan ɗauki yara biyu. Bari in kawo adadi kaɗan domin mu san girman abin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da wannan ciwo sau miliyan 263 a duniya, mutum kusan dubu 597 suka mutu, kuma kusan kashi 31 cikin ɗari na waɗanda suka mutu a Najeriya suke. Kimanin uku cikin kowane huɗu na masu mutuwa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken da aka yi a Najeriya a 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin ɗari na ƙananan yara a faɗin ƙasa, wanda ci gaba ne idan aka tuna kashi 42 ne a 2010, amma a Jihar Kebbi kashi 49 aka samu, a Legas kuwa kashi 3 kacal. Nauyin a kanmu yake, mu na arewa da ƙauyukanmu.

Hajiya Maman 'Yan Biyu, a labarin da kika bayar wurin da ya fi tsaya mini shi ne daren Laraba. Farasitamol yana saukar da zafin jiki ne kawai, ba ya taɓa ƙwayar cutar, wadda take ci gaba da hayayyafa cikin jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su. Shi ya sa zazzaɓin yake tafiya ya dawo, shi ya sa kuma jinin yaro yake ƙarewa da sauri. Ƙa'idar ita ce duk yaron da jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa cikin awa 24. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako yana fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Idan kuwa yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya yi sama, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ko ya yi jijjiga, to ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran kowa ya dawo.

Magidanci Daga Kura:
Malama, ban ƙi maganarki ba, amma ina roƙon a yi wa masu gida adalci a kan batun gidan sauro. Ku da kuke cewa a shiga, ku zo ku kwana ɗaki mai rufin kwano, ba wuta, ba fanka, a daren da aka yi hadari ruwa bai sauka ba. Yara suna kuka, gumi yana zuba, sai a ɗebi tabarmi a fito tsakar gida. A tsakar gidan kuma babu inda za a ɗaura. Ban da haka, wanda aka ba mu a rabon da ya wuce, daren farko da muka shiga fuskar matata ta kama raɗaɗi kamar an shafa mata barkono, yaron ma ya kwana yana susa. Tun daga ranar ta ce ita ba za ta sake sa ɗanta ciki ba. Mu nan kewaye muke da gonakin shinkafa na noman rani, sauro ba ya ɗauke mana ƙafa ko da rani, don haka ba wai ba mu damu ba ne. Maganin kunnawa muke saya kowane dare.

Mai Rabon Maganin Damina:
Yaya Magidanci, raɗaɗin da ka faɗa gaskiya ne, kuma laifinmu ne mu masu rabo idan ba a yi maka bayani ba. Sabon gidan sauro yana ɗauke da magani mai ƙarfi a jikin zarensa, ana so a buɗe shi a shanya a inuwa, ba a rana ba, na yini da kwana guda kafin a shiga. Idan aka yi haka raɗaɗin yakan ragu sosai, kuma ko ya zo, yana wucewa cikin 'yan kwanaki. Wanki kuma da sabulu mai laushi ake yi, ba da omo ko bilic ba, a shanya a inuwa, ba a kuma yawaita wankin domin yana rage ƙarfin maganin.

Batun tsakar gida kuwa, akwai gidan da na shiga a zagayen watan Agusta da ya burge ni. Maigidan ya cika tsofaffin gwangwanayen fenti guda huɗu da siminti, ya kafa sanda a kowanne. Da dare sai a jera su a kusurwoyin tabarma a ɗaura gidan sauron, a cusa gefensa a ƙarƙashin tabarmar, da safe a mayar da su gefe kusa da rumbu. Wasu kuma igiyar shanya suke amfani da ita da ƙusa biyu a katanga. Abin da nake so a lura da shi shi ne cusa gefen nan, domin na sha ganin gidan sauro a rataye yana reto, ƙafar yaro a waje, ko kuma ɓula ta kai tafin hannu an bar ta, alhali allura da zare sun ishe ta.

Kan ƙwayoyin da Hajiya ta tarar a cikin kwano, wannan shi ne ciwon da ke damunmu a aikin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari tun 2012, a Najeriya kuma aka fara shi a Jihar Katsina a 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. A ranar farko a gabanmu ake ba yaro ƙwaya biyu, sai mu bar wa uwa sauran biyun, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Idan ba a ba da waɗannan biyun ba, kariyar ba ta cika wata. Da na tambayi iyaye mata dalili, wasu sukan ce yaron ya yi amai a ranar farko sai suka tsorata, wasu su ce lafiyarsa ƙalau me zai yi da magani, wasu kuma a fili suke gaya mini cewa sun ajiye ne domin ranar da zazzaɓi ya zo. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tsoro, domin ƙwaya biyun nan ba za su warkar da yaron da ya riga ya kamu ba.

Magidanci Daga Kura:
Na gode, ƙanwata. Wallahi ba wanda ya ce mana a shanya, daga leda muka ciro muka ɗaura. Zan gwada dabarar gwangwanayen. Amma har yanzu ina da tambaya: idan ina kunna magani kowane dare, ba ya wadatarwa?

Malamar Jinya:
Ba ya wadatarwa, Malam. Hayaƙin yana korar sauro na 'yan awanni, a buɗaɗɗen wuri kuma iska ke tafiya da shi, sauron da ke ɗauke da cutar kuwa, macen nau'in anofilis, ta fi cizo daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da kowa ya yi nisa cikin barci. Ka lissafa abin da kake kashewa a wata ka gani. Ina kuma gargaɗi a kan ruwan maganin da ake sayarwa a kwalabe ba lakabi, wanda ake kira fiya-fiya: maganin ƙwarin gona ne, yayyafa shi a ɗakin da jariri zai kwana haɗari ne, kuma yara suna iya ɗauka su sha.

Shugaban Matasan Unguwa:
Ni a ganina duk muna kewaye-kewaye ne. Tushen abin ƙazanta ce. Kwatocinmu sun toshe da leda, bola ta cika lunguna. Mu a unguwarmu duk ƙarshen wata muna fitowa yasar kwata, kuma da kowace unguwa za ta yi haka, da gwamnati ta zo ta yi feshi, ba sai an wahalar da mutane da gidan sauro ba.

Ɗalibin Kimiyyar Ƙwari:
Shugaba, Allah ya saka muku da alheri a kan yasar kwata, kada ku fasa, domin tana maganin ambaliya da cututtukan gudawa, tana kuma rage sauron da ke hana barci. Sai dai akwai gyara a maganar. Sauron da ya fi hayayyafa a baƙin ruwan kwata, mai yawan kuka a kunne, wani nau'i ne dabam wanda ba ya yaɗa wannan zazzaɓi. Anofilis ta fi son ruwan sama da ya kwanta a fili yana shan rana: ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, gefen kududdufi, sawun tayar mota a hanyar da ba kwalta, sawun kofaton shanu a bakin fadama, da gonar shinkafa a farkon dashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi, saboda haka ruwan da ya kwana mako guda a ƙofar gida ya isa. Idan matasanku za su ƙara da cike irin waɗannan ramuka da ƙasa, da buɗe wa ruwan da ya kwanta hanya, aikin zai fi taɓa wannan ciwo kai tsaye.

Amma ko an yi haka ba za a iya cike kowane sawun kofato a ƙasar Hausa ba, kuma Malam na Kura ba zai daina noman shinkafa ba. Shi ya sa gidan sauro ba shi da madadi, kuma amfaninsa bai tsaya ga wanda ke ciki ba, domin sauron da ya sauka a kansa yana mutuwa, maƙwabci ma ya amfana. Gaskiya ne sauro a wurare da yawa ya fara jure wa tsohon maganin da ake sa wa gidajen, shi ya sa aka fito da sababbi masu haɗin magani biyu. Akwai kuma wani baƙon nau'i daga Asiya da aka gano a Jihar Gombe a 2020, wanda yake iya hayayyafa a tankunan ruwa da durom a cikin gari. Don haka rufe randa da durom da tanki ya zama wajibi.

Hajiya Kaka:
'Ya'yana, ni ban yi boko mai nisa ba, jikata ce take rubuta mini abin da nake faɗa. Mu da ganyen darbejiya da na gwaba da lemon tsami muka raini 'ya'yanmu, a dafa a yi sirace a sha, kuma ga su nan sun girma. Yanzu komai sai a ce asibiti, alhali wani ko kuɗin mota ba shi da shi. Kada ku raina abin da iyaye suka bari.

Malamar Jinya:
Hajiya Kaka, Allah ya ƙara girma, ba raini a ciki. Maganin da muke bayarwa a asibiti ma asalinsa daga wani tsiro ne da mutanen Sin suka daɗe suna amfani da shi, kuma matar da ta jagoranci ciro sinadarinsa, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. Bambancin shi ne an auna shi, an san adadin da zai kashe ƙwayar cutar a jikin yaro mai nauyi kaza. Sirace yana sa gumi, mutum ya ji sakayau, amma ƙwayar tana nan a cikin jini, kuma kwana biyun da aka yi ana jiran ganye ya yi aiki su ne kwanakin da jinin yaro yake ƙarewa. Abin da nake roƙonki, tunda maganarki ake ji a gida fiye da tawa, shi ne idan jikanki ya yi zazzaɓi ki zama ke ce mai cewa a tafi a gwada. Idan kuma ya yi jijjiga, kada a ɗura masa komai a baki, kada a cusa cokali tsakanin haƙoransa, kada a turara masa hayaƙi ko a kara ƙafarsa a wuta. A kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa kaya, a yi addu'a ana kan hanya.

Hajiya Kaka:
To, na ji. Nawa guda biyu sun rasu suna goye, duk da damina, kuma duk da irin wannan taune-taunen. A lokacin ba wanda ya ce mana sauro ne. Allah ya jiƙansu. Zan riƙe maganarki.

Mai Kemis:
Allah ya jiƙansu, Hajiya. Tunda yawancin mutane wurinmu suke fara zuwa kafin asibiti, bari in faɗi abin da nake gani, har da namu laifin. Mutum zai zo ya ce a haɗa masa maganin maleriya da taifot na gwargwadon kuɗin da ke hannunsa, ba gwaji. Idan na ce a gwada sai ya ce kuɗin gwajin ai gara a ƙara masa magani da shi. Wani kuma allura kawai yake so, yana ganin ƙwaya ba ta da ƙarfi, alhali allura ta mai tsananin ciwo ce da wanda ba ya iya haɗiya, kuma ko an yi ta sai an biyo da ƙwayoyin kwana uku. Har yau akwai masu tambayar kulorokwin, wanda Najeriya ta daina amfani da shi a matsayin maganin farko tun 2005 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa.

Maganin da ake bayarwa yanzu, irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana uku. Na biyu yana biyo na farko da awa takwas, sannan safe da yamma a kwana biyun da suka rage, kuma ana so a sha da abinci mai ɗan maiƙo ko madara domin jiki ya karɓe shi da kyau. Abin da ke faruwa shi ne bayan sha uku yaro ya miƙe, sai uwa ta ɓoye sauran domin ƙaninsa. Bayan mako biyu ciwon ya dawo, a ce maganin jabu ne. Jabun yana nan a kasuwa, ba na musu, shi ya sa nake cewa a duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar ƙarewar aiki, a kuma guji na talla a rana. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, shan ne ba a kammala ba. Mu ma masu kemis akwai waɗanda suke yanka katin magani su sayar da rabi saboda kada ciniki ya wuce su, kuma wannan cin amana ne.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren iyaka. Abin da kuke faɗa kamar a gidanmu ake yi. Mu ma ana bi gida gida da maganin damina, kuma a nan lokacin ya haɗu da lokacin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi ya iso, sai yaro ya haɗa masassara da tamowa, ɗaya yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Ina so in tambayi Malama game da allurar rigakafin wannan zazzaɓi da aka fara yi wa yara, domin mutane suna cewa wanda aka yi wa ba ya bukatar gidan sauro kuma.

Malamar Jinya:
Wannan kuskure ne da ya kamata a tare shi tun da wuri. Alluran iri biyu ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ta farko a 2021 bayan an gwada ta a Ghana da Kenya da Malawi, ta biyu kuma a 2023. Kamaru ce ta fara sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, Nijar ma ta fara a shekarar, Najeriya kuma ta fara a Disamban 2024 da jihohin Kebbi da Bayelsa. A tsarin Najeriya sau huɗu ake yi, idan yaro ya kai wata 5 da 6 da 7 da kuma 15 da haihuwa. Tana rage kamuwa da tsananin ciwon, amma ba ta toshe shi gaba ɗaya, don haka ƙari ce a kan gidan sauro da maganin damina.

Kada kuma mu manta da masu juna biyu, musamman mai cikin fari. Ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya ko da matar ba ta jin zazzaɓi, ta jawo ƙarancin jini, ko ɓari, ko haihuwar jariri marar nauyi. A wurin awo ana ba da ƙwayar kariya mai suna Fansidar daga wata na huɗu, wata wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Matar da ba ta fara awo ba sai cikin ya kai wata bakwai ta riga ta yi asarar rabin wannan kariya. Yara masu sikila su ma zazzaɓinsu ba a kwana da shi.

Alaramma:
An yi maganar yaran da ke gaban iyayensu, ni kuma zan tuna muku da waɗanda ke gabanmu. Almajirai suna kwana a zaure da soro da rumfa, kuma lokacin rabon gidan sauro ana ƙirga gidaje ne, ana ba da ɗaya ga kowane mutum biyu, makarantar allo kuwa sau da yawa ba ta shiga lissafi yadda ya kamata. Bara da damina akwai makon da yara tara suka kwanta mini a lokaci guda. Na je wurin mai unguwa, ya haɗa ni da masu rabo, muka sami kaɗan, wani bawan Allah ya cika mana sauran. Muka ɗaura waya daga bango zuwa bango, manyan ɗalibai ke da alhakin saukewa bayan karatun dare. Ina kira ga 'yan uwana malamai, neman kariya ba ya cin karo da tawakkali, kuma yaran nan amana ce da iyayensu suka damƙa mana. Wanda yake da gidan sauro a cikin leda bai buɗe ba, ga inda zai kai shi.

Malamin Firamare Mai Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi gaskiya. Ni kuma zan koma kan abin da aka wuce da sauri, wato jiran maigida. Yarinyar nan ta kwana da amai saboda mahaifinta ba ya gari. Ba na zargin uwar, domin haka aka tarbiyyantar da ita, kuma wataƙila ko kuɗin babur ba a bar mata ba. Mu maza ne ya kamata mu warware wannan tun kafin ciwo ya zo. Ni na tara 'ya'yana maza na ce kowannensu ya gaya wa matarsa a gabana cewa idan yaro ya yi zazzaɓi ta tafi asibiti ba sai ta nemi izini ba, ya kuma ajiye mata wani abu da ba a taɓawa sai don wannan, tare da lambar mai babur ɗin da aka amince da shi. Ɗaya daga cikinsu ya yi gunaguni, amma ya yi.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode muku duka. Na karanta wa ƙanwata da mijinta abin da aka rubuta a daren jiya. Ta yi kuka da aka zo maganar ƙwayoyin cikin kwano, ta ce ita ta ɗauka alheri take yi da ta ajiye su. Mijin bai ce komai ba a lokacin, amma da safe ya ba ta kuɗi ta ƙulle a gefen akwati, ya kuma ciro gidajen sauron nan biyu daga leda, suna shanye yanzu a ƙarƙashin darbejiyar gidan. Malama Mai Rabo, zagaye na gaba zai zo ne kwana goma sha biyu bayan an sallami yarinyar. Shin za a ba ta maganin damina a wannan karon, ko sai wata mai zuwa?

Mai Rabon Maganin Damina:
Hajiya, idan masu rabo suka zo a nuna musu katin sallamar da sunan magungunan da ta sha. Ba ma ba yaron da yake cikin zazzaɓi a ranar, sai an gwada shi, haka ma wanda ya sha Fansidar ko amodiyakwin, wato magungunan da ke cikin ƙwayoyin damina, cikin makonni huɗun da suka wuce, ko wanda yake shan maganin Septrin, ko wanda jikinsa ya taɓa ƙin irin waɗannan magunguna. Idan ba ta cikin waɗannan kuma ta warware, za a ba ta. Ki ce wa ƙanwarki ta ba ta abinci kafin ta sha, idan ta amayar cikin rabin awa a gaya wa masu rabon su sake ba ta, na gobe da na jibi kuma ta ɗora su inda idonta zai faɗa a kansu da ta idar da sallar asuba.